AJIYAR TUFAFI A ƘASAR FADAMA

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani abu ne da ya ke cikin ɗakin ko wannenmu, watau akwatin tufafi. Wataƙila wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Amma mu tuna, in an ɗebe hatsi da dabbobi, talaka ba shi da dukiyar da ta kai tufafinsa. Zanen da mace ta samu a lefe, da rigar da maigida ya ɗinka bayan ya sayar da shinkafa, da kayan makarantar yara, duk guminmu ne na shekaru. Mu da mu ke zaune a bakin Kogin Haɗeja mun sani dare ɗaya ya isa ya raba mutum da su duka.

1. HALIN ƘASARMU

Ruwan da ya ke wucewa ta ƙofarmu daga nesa ya ke zuwa. Kogin Kano da Kogin Challawa su kan haɗu kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya ratso ƙasar Ringim da Auyo, ya wuce Haɗeja, ya rarrabu cikin fadamun Kirikasamma da Guri har wajen Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuwa a 1992, amma wannan bai hana ambaliya ba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce, don haka in ruwa ya rasa hanya sai ya nemi gonaki da gidaje. Mun gani a 2001, da 2012, da 2018, da 2020, da kuma 2022, sa'ad da mutanen gari suka kwana suna cika buhuna da ƙasa domin tare ruwa. Yawanci a ƙarshen Agusta da cikin Satumba abin ya kan faru, wani lokaci ma ba a yi ruwan sama a garinmu ba, gama na sama ne ya gangaro.

Sabo da haka akwatin mutumin fadama yana da aiki biyu. Ko wace safiya ya ba mu rigarmu ba tare da wahala ba. Ranar tashin hankali kuwa ya ɗauku a kai.

2. LAIFIN BABBAN AKWATI

Bayan ruwan 2022 mun ziyarci wani gida a wani ƙauye na gefen kogi. Uwargida ta nuna mana babban akwatin ƙarfe da ta zo da shi tun aurenta. Kayan mutum bakwai ne a ciki, yana ajiye a ƙasa, an kuma ɗora masa kwalla da buhun bargo. Ruwa ya shigo da tsakar dare. Ita da mijinta suka kama akwatin, ya ƙi tashi, ga yara suna kuka, sai suka bar shi, suka ɗauki yaran. Daidai suka yi. Da suka komo bayan kwanaki, shuni da tsatsa da laka sun haɗu, babu zanen da ya moru.

Laifin irin wannan akwati uku ne. Na fari, murfinsa a sama ya ke, sai an sauke duk abin da ya ke bisansa kafin a buɗe. Na biyu, zurfinsa ya yi yawa, mai neman hula sai ya birkita kayan gida duka. Abin da ya ke ƙasa kuwa ya kan shekara ba a gan shi ba, har gara ko fumfuna ta gama da shi. Na uku, ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

3. ABIN DA MUKA GADA, DA ABIN DA WAƊANSU SUKA KOYA

Kakanninmu da adudu su ke ajiya, wanda a ke saƙawa, wani lokaci a rufe shi da fata. Ba shi da nauyi, iska tana shigarsa, mace ɗaya ta kan ɗauke shi. Suna da ragaya kuma, wadda a ke rataye ƙwarya a sama domin ɓera da laima. Matanmu har yau sun iya jere, babba a ƙasa, ƙarami a bisa. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta bi ta Malam Madori, ta kai Nguru a 1930. Kayan kanti suka yawaita, sannu a hankali fantimoti da akwatin ƙarfe suka kori adudu. Mun sami ƙarfi da kwaɗo, amma mun yi hasarar sauƙin ɗauka.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan matsala ba. A ƙasar Japan, a 1657, gobara ta cinye yawancin birnin Edo, wanda a ke kira Tokyo yanzu. Mutane suka turo manyan akwatunansu masu ƙafafun gangarawa, suka toshe tituna, masu gudu suka rasa hanya. Daga baya hukuma ta hana irin waɗannan akwatuna. Kafintocinsu kuwa suka shahara da akwatin tufafi mai hawa biyu, na katako marar nauyi, mai buɗewa ta gaba, da maɗauki a gefe, ko wane hawa a kan ɗauke shi dabam. Su wuta ce ta koya musu, mu kuwa ruwa ne malaminmu. Darasin ɗaya ne: ƙananan akwatuna da yawa, masu girma ɗaya, sun fi babba guda.

4. YADDA ZA A YI AKWATIN

Ga awon da za mu kai wa kafinta: tsawo inci 24, faɗi daga gaba zuwa baya inci 15, tsayi inci 12. Kafin a yanka, a ninke babbar rigar maigida da zanen uwargida, a gwada su a kan wannan awo.

Faffaɗan katakon nan da kafintoci su ke kira filawud tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4. A nemi mai kaurin rabin inci. In an tsaga shi biyu a tsaye, ko wane rabi zai ba da akwati ɗaya: sama da ƙasa inci 15 ko wanne, gaba da baya inci 12 ko wanne, sa'an nan a yanki inci 15 a raba shi biyu domin gefuna. Abin da ya rage ya isa ƙananan sanduna. Zarto ya kan ci kaɗan, kada wannan ya dame mu, muddin dukan akwatunan sun fito daidai da juna.

Sai a lura da abu biyar.

(a) Ƙofa ta kasance a gaba, ba a sama ba. A sa mata hinji biyu daga ƙasa, ta riƙa buɗewa tana saukowa, da igiya a ko wane gefe mai riƙe ta a miƙe. Ta haka ƙofar ta zama ɗan tebur na ɗora kaya. A sa sakata a sama, da wurin kwaɗo ga mai so.

(b) A buga sanduna biyu a kan rufin, biyu kuma a ƙarƙashin gindin, yadda na ƙarƙashin akwati na sama za su faɗa tsakanin na rufin ɗan'uwansa. Wannan ya kan hana zamewa, ya kuma bar iska ta ratsa tsakani.

(c) A huda ko wane gefe wuri biyu, a zura igiya mai ƙarfi, a ƙulle ta daga ciki, ta zama maɗauki.

(d) A yi ƙananan huji huɗu a baya, can wajen sama, a rufe su da ragar waya domin iska ta shiga, kyankyaso kuwa ya tsaya a waje.

(e) A shafa fentin mai sau biyu, tun ba a bakin yanka ba, gama ta nan filawud ya kan sha ruwa ya ɗaɗɗaye. Ko wane akwati da launinsa, domin wanda bai iya karatu ba, ko mai nema da tocila, ya gane nasa.

Gwaji na ƙarshe shi ne wannan: a cika akwatin, uwargida ta ɗaga shi zuwa kanta ita kaɗai. In ta kasa, a rage kaya.

5. YADDA ZA A JERA SU

Kada akwati ya taɓa ƙasa. A yi masa benci mai tsayin ƙafa 2, a ɗora ƙafafun bencin a kan bulo ko dutse, a riƙa duba su ko wane mako ko gara ta fara gini. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, gama bangon ƙasa ya kan sha laima da damina. Kada a wuce hawa uku. A ɗaure jeren da igiya a jikin turke ko ƙusa mai ƙarfi, domin yaro ya kan taka ƙofar da ta ke buɗe ya hau, jeren ya faɗo masa.

Mai nauyi a ƙasa: bargo, gwado da rigunan sanyi. Na tsakiya domin kayan yau da kullum, wurin da hannu ya ke kaiwa. Na sama domin tufafin biki, da takardun gona, da na makaranta, da katin asibiti, a naɗe su cikin leda biyu. In Agusta ta kama, a cire barguna a ɗaure su a buhu a rataye a sama, a sa kayan aiki a na ƙasa.

Wanda ba shi da kuɗin kafinta kada ya karai. Katako biyu ko uku a kan bulo, da adudu ko kwando mai murfi a ko wane hawa, za su yi wannan aiki. Bokitin roba mai murfi ya kan tsare kaya daga ruwa, amma ba ya numfashi, sai an riƙa buɗe shi. Mata kuma su kan iya yin adashi, ko wane wata a yi wa mutum ɗaya akwati biyu.

6. MAƘIYAN TUFAFI

Kada a ajiye tufa da sauran danshi ko gumi, gama su ne abincin fumfuna da asu. In rana ta fito da damina, a shanya kaya, a bar ƙofofin a buɗe. Busasshen ganyen darbejiya, wadda waɗansu su ke kira maina, a ƙulle shi a tsumma a sa a kusurwa. Game da kafur kuwa muna gargaɗi ƙwarai: guba ne in yaro ya haɗiye, likitoci kuma sun tabbatar ya kan jawo wa waɗansu jarirai shawara mai tsanani. Kada a sa shi cikin kayan jariri ko zanen goyo.

7. RANAR RUWA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu iyali su zauna su raba aiki: wa zai ɗauki jariri, wa zai kama hannun tsoho, wa zai ɗauki akwati na sama, wace hanya ce kuma za a bi zuwa tudu. In an ji labarin ruwa ya kai garuruwan da su ke sama da mu, a kai akwatuna gidan ɗan'uwa a tudu tun da rana. In kuwa ruwa ya riga ya shigo da ƙarfi, a bar akwati, a ceci rai. Zane ya kan samu a kasuwa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne laifofi uku ne babban akwati ya ke da su?
2. Don me ƙofar gaba ta fi murfin sama ga akwatunan da a ke jerawa?
3. A gidanku, akwai akwatin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka? Me za ku yi da shi kafin damina?
4. Akwai gwauruwa ko tsoho a unguwarku wanda ba shi da mai ɗaukar masa kaya? Wa zai tuna da shi ranar ruwa?