Me Ke Riƙe Ma'aikaci a Wurin Aikinsa?

A shekarar 1913 kamfanin motoci na Ford da ke Amurka ya shiga wani mawuyacin hali. Guraben aikinsa kusan 14,000 ne, amma sai da ya ɗauki mutane fiye da 50,000 a wannan shekara domin cike su. Sabon tsarin haɗa motoci ya sa ma'aikaci ya wuni a tsaye yana maimaita abu ɗaya, don haka da ya ƙosa sai ya kama gabansa. Kowane sabon ɗauka kuwa sai an ɓata lokaci da kuɗi wajen koya masa aiki.

A watan Janairu na 1914 Henry Ford ya ɗaga lada zuwa dala 5 a yini, fiye da ninkin na da, ya kuma rage lokacin aiki daga awa 9 zuwa 8. Nan da nan masu barin aiki suka ragu ƙwarai, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To amma kuɗi kaɗai bai wadatar ba. A 1959 Frederick Herzberg da abokan bincikensa sun bayyana sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a birnin Pittsburgh. Sun gano cewa ƙarancin albashi da mugun shugabanci suna haddasa ƙorafi, amma gyara su yana kashe ƙorafin ne kawai. Abin da ke cusa himma shi ne yabawa da ƙwazo, da danƙa amana, da damar ci gaba.

A 1991 John Meyer da Natalie Allen na ƙasar Kanada sun kasa riƙon aiki gida 3. Akwai mai zama don yana ƙaunar wurin, da mai zama don tsoron asarar da tafiya za ta jawo masa, da mai zama don yana ganin wajibi ne ya saka alheri. Bincike ya nuna na farkon ya fi na biyu ƙwazo.

Ke nan shugaban da ya ga ma'aikatansa ba sa tafiya kada ya saki jiki. Wajibi ne ya san abin da ya zaunar da su, domin haziƙi shi ya fi kowa samun wurin zuwa, kuma shi ne asararsa ta fi wuyar mayarwa.