Darasin Uwargida: Tiren Nama da Cuku na Hantsin Sallah

Washegarin Babbar Sallah da hantsi gida kan cika da surukai, 'ya'ya da jikoki. Sau da yawa a nan ake samun ɓacin rai: manya su kwashe tsoka, yara su tashi da ƙashi, wata ta ce an raina ɗakinta. Darasinmu na yau shi ne yadda za ki haɗa tire guda wanda ɗan naman da ke hannunki zai ishi kowa.

Kayan haɗi
Soyayyen naman layya, dambun nama, kilishi in akwai, cuku ko awara, gurasa, albasa, tumatir, kokwamba da yajin ƙuli. Mu a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa Allah ya hore mana: ga madara a rugagen Fulani, ga waken suya a gona, ga kifin madatsar Tiga ga dattijon da haƙori ya hana shi nama.

Yin cuku
Fulani da tumfafiya suke yi, amma ruwanta na cutar da ido, don haka lemon tsami ya fi miki sauƙi. Ki tace madara lita 2, ki dafa ta sai ta tafasa sosai. Kar ki tsallake wannan, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka. Ki sauke, ki zuba ruwan lemon tsami babban cokali 4, ki juya a hankali. Da ta tsinke sai ki juye a tsaftataccen ƙyalle, ki matse, ki danne da abu mai nauyi awa guda. Ki yanka, ki barbaɗa gishiri, ki soya sama-sama.

Jerawa
1. Ki yanka komai daidai loma. Ƙananan yanka su ne ke sa nama ya yi auki.
2. Yaji a ƙaramin kwano, a tsakiya.
3. Ki raba tiren gida huɗu, kowane ɓangare ya samu nama, cuku, gurasa da ganye. Hikimar ita ce, Annabi (SAW) ya koyar da a yi bisimilla, a ci da dama, a ci daga gabanka. In gaban kowa akwai komai, ba mai miƙa hannu gaban wani.
4. Maza tirensu, mata nasu, yara nasu. Na yara ki cire ƙashi, ki rage yaji.

Hattara
Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kar su taɓa cuku ko tumatir sai an wanke da sabulu. Ki rufe saboda ƙuda. Kar tiren ya wuce awa 2 a buɗe, in ana tsananin zafi awa 1. Gara ki riƙa ƙarowa kaɗan-kaɗan.

Kafin ki jera, ki fara fitar da rabon maƙwabta da mabuƙata, kamar yadda aya ta 36 ta Suratul Hajji ta yi umarni. Kuma 'yar'uwa, kar ki ci bashi don burge dangin miji. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana almubazzaranci. Abin da ke hannunki, in an raba da adalci, shi ne mai albarka.

Allah ya maimaita mana, amin.