Gudun Haske da Dakon Kaya Zuwa Taurari

A wasu wasannin yaƙi na kan tebur, jiragen dakon kaya sukan tsallaka daga wannan tauraro zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. Ɗalibi ya sani wannan dokar wasa ce kurum. Tun 1905 Einstein ya nuna babu wani abu mai nauyi da zai kai gudun haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa, balle ya wuce shi.

To, mu ɗauki motar da ke kwasar masara daga Rogo ko Karaye, tana kilomita 60 a awa. Da za a yi mata hanya zuwa Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da ranarmu, sai ta shekara fiye da miliyan 70 ba ta isa ba. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, da can ya nufa, zai ci shekara sama da 70,000.

A ganina matsalar ba ta nisa kaɗai ba ce. Iri abu ne mai rai, yana numfashi, yana kuma tsufa. Manomi ya san masarar da ta daɗe a rumbu ba ta tsirowa sosai. Ko ƙwallon dabinon Masada, wanda ya tsiro a 2005 har masana suka yi ta mamaki, shekararsa wajen 2,000 ce kacal.