Baƙon da Ba a Gayyata Ba: Yadda Ake Gane Dodon Koɗi a Tafkin Kifi

Masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi a ƙasashen Turai da Amurka sun saba da wata matsala. Sukan sayi duwatsun murjani domin ƙawata akwatin, bayan 'yan makonni sai su ga tsutsotsi da ƙaguwa sun fito daga ramukan duwatsun. Wasu ba su da illa, wasu kuwa suna halaka kifin. Saboda haka ƙa'idarsu ita ce a san baƙo kafin a yanke masa hukunci.

Ƙasar Karfi tana da nisa da teku, amma ita ma tana da irin nata baƙon. Manomin da ya sayo 'ya'yan tarwaɗa, ko ɗalibin da ya ɗebo kainuwa da bado daga kududdufi domin akwatin kifin makaranta, yana iya tahowa da dodon koɗi bai sani ba. Ƙwansa yakan manne a bayan ganye cikin wani abu mai yauƙi. Wasu nau'o'in kuma guda ɗaya tak ya isa ya hayayyafa, domin yana da halittar namiji da ta mace.

Dalilin Damuwa

Wasu dodannin koɗi su ne masaukin tsutsar da ke haddasa tsargiya, wato fitsarin jini. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a shekarar 1851, sannan a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa sai ta ratsa jikin dodon koɗi kafin ta kama mutum. A shekarun 1970, masanan Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun binciki cutar a yankin Malumfashi, har suka lura da yadda jama'a ke mu'amala da ruwan madatsar Ruwan Sanyi. Sun iske cutar ta fi kama yara maza, waɗanda suka fi kowa wanka da wasa a ruwa.

Hanyar Ganewa

Da farko kada a taɓa dodon koɗi ko ruwansa da tsurar hannu. A ɗauke shi da hantsaki ko cokali. A riƙe katantanwar, tsininta yana sama, bakinta yana fuskantar mai dubawa, sannan a lura da waɗannan alamomi:

1. Idan bakin yana hagu, tsinin gajere ne, kuma naman yana da ja-ja, to ana kyautata zaton Bulinus ne, mai ɗaukar tsargiyar mafitsara.

2. Idan katantanwar ba ta da tsini, ta naɗe kamar gammo, to ta yiwu Biomphalaria ne, mai ɗaukar tsargiyar hanji.

3. Idan bakin yana dama, yana da faɗi, ɓawon kuma ba shi da kauri, to alama ce ta Lymnaea. Shi ne masaukin tsutsar da mahauta ke tararwa a hantar shanu da tumaki.

4. Akwai kuma Physa, wanda asalinsa daga Amurka ta Arewa ne, ya bazu a duniya har Afirka. Shi ma bakinsa yana hagu, don haka yakan ruɗi mai koyo. Amma katantanwarsa tana da sheƙi da tsini mai kaifi, jininsa ba ja ba ne, kuma ba ya ɗaukar tsargiya.

Gwaji a Aji

Ba a haihuwar dodon koɗi da cutar. Yana kamuwa ne idan fitsari ko bayan gidan mai cutar ya shiga ruwa. Domin a tabbatar, malami zai sa kowane ɗaya a ƙaramin kofin gilashi mai ruwa mai tsabta, ya ajiye a wuri mai haske na sa'o'i biyu ko uku, sannan a duba da madubin ƙara girma. Idan an ga ƙananan halittu masu wutsiya mai reshe biyu suna iyo, ana zargin 'ya'yan tsutsar ne, waɗanda ke huda fata su shiga jiki. Sai a zuba tafasasshen ruwa a kansu kafin a zubar.

Kammalawa

Duk tsiron da aka kawo daga waje, a keɓe shi a wani mazubi na makonni uku, domin ƙwan da ke jikinsa ya ƙyanƙyashe a gani. A sauya wa 'ya'yan kifi ruwa kafin a sake su a tafki. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa kuwa a kai shi asibiti, domin maganin praziquantel yana warkar da cutar. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.