Yadda Za Ka Gane Kayan Gilashin Tsofaffin Motoci Marasa Rufi Da Wayarka

Darasinmu na yau ya shafi amfani da kyamarar waya wajen gane tsohon ƙarfen da ba a san sunansa ba, kuma za mu yi misali da kayan da ake ɗaurawa a gilashin gaban tsofaffin motoci marasa rufi, irin su Ford Model T da MG TC da tsohuwar Land Rover. Masu tara motocin tarihi a Turai da Amurka na neman waɗannan kaya, sannan kasuwannin intanet cike suke da na jabu. Wanda bai iya bambancewa ba, ko dai ya sayar da abu mai daraja a farashin gwangwan, ko ya sayi sabon ƙira da sunan tsoho.

Fara sanin kayan

Waifa ta hannu: tana da ɗan mariƙi ta ciki, direba ke juya ta da hannunsa. Mary Anderson ta yi rajistar irin wannan ƙira a Amurka a 1903.

Waifa mai aiki da zuƙar iskar inji: jikinta kamar rabin wata, tana da ɗan bututun saka tiyo, ba waya ko ɗaya. Kamfanin Trico na birnin Buffalo ya yi suna da ita. Idan direba ya taka totur sosai, takan rage gudu.

Waifa ta lantarki: za ka ga wurin haɗa waya. Bosch ya fito da tasa a 1926. Ta motocin Ingila galibi tana ɗauke da sunan Lucas.

Ƙaramin gilashin tsere: ɗan gilashi ne a gaban direba kaɗai, wanda ake amfani da shi idan an kwantar da babban gilashin. Ana yawan kiransa da sunan Brooklands, filin tseren motoci da aka buɗe a Ingila a 1907.

Fukafukan gefe: ƙananan gilasai biyu da ake maƙalawa a sandunan gefen gilashi don kare fuska daga iska.

Gilashin baya: yana tsayawa a bayan kujerar gaba don kare fasinjojin baya. Kamfanin Auster na Birmingham ya shahara da shi.

Mataki na 1: Ɗauki hoto mai kyau

Goge ƙura da busasshen ƙyalle kawai, kar ka kankare shi, domin kankarewa na shafe rubutu tana kuma rage daraja. Ɗora shi a kan farar takarda cikin inuwa, ka kashe filash, ka ajiye rula a gefensa. Ɗauki gaba, baya, da wurin da ake ɗaure shi.

Mataki na 2: Nemo rubutun jikinsa

Kunna tocilan wata wayar, ka haska ƙarfen daga gefe, ba daga sama ba. Haruffan da suka dushe za su fito saboda inuwarsu. Nemi sunan kamfani, ƙasar ƙira, da lambar da ke bin kalmar PAT.

Mataki na 3: Google Lens

Buɗe Lens, zaɓi hoton, ka ja kusurwoyin akwatin har ya kama kayan shi kaɗai. Sai ka ƙara sunan kamfanin a wurin rubutu. Ka tuna Lens kamanni yake dubawa, ba shekaru ba, don haka zai iya nuna maka sabon kwaikwayo. Sakamakonsa mafari ne kawai.

Mataki na 4: Bincika lambar rajista

Shiga Google Patents, ka rubuta US sannan lambar. Zanen ainihi da ranar rajista za su fito. Ko babu data kana iya kintace: Amurka ta kai lamba 1,000,000 a 1911, ta kai 2,000,000 a 1935, sai 3,000,000 a 1961. Wannan lissafi na Amurka ne kaɗai, kuma abin da yake nunawa shi ne ba a ƙera kayan kafin wannan shekarar ba. Ana iya ci gaba da ƙera shi shekaru da yawa bayan haka.

Mataki na 5: Gwajin da waya ba ta yi

Kanga maganaɗisu. Ba ya kama tagulla ko alminiyom, yana kama baƙin ƙarfe. Dubi launin rufin: nikel na da ɗan rawaya-rawaya, kurom kuwa na da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma sai wajen ƙarshen shekarun 1920 kurom ya yaɗu a motoci. Idan notin zamani mai awon milimita ya hau zaren kayan da aka ce tsohon na Ingila ne cikin sauƙi, ka yi shakka, domin a lokacin da inci suke awo.

Kar ka yanke hukunci sai hujja biyu aƙalla sun dace, misali lambar rajista da launin rufi. Idan sun saɓa, ka dakata da ciniki. Sai mun haɗu a darasi na gaba.