Yadda Ake Kula da Famfo, Tanki da Magudanar Ruwan Gida Daga Bazara Zuwa Hunturu

Ruwan da ake amfani da shi a gidajen biranen ƙasar Hausa yana da hanyoyi biyu, wato hanyar shigowa, wadda ta haɗa da rijiya ko burtsatse ko layin hukumar ruwa, da tanki da bututu da kawunan famfo, sai kuma hanyar fita, wadda ta ƙunshi indararo da rariya da kwata da masai da sokawe. Akasarin masu gida kan zuba kuɗinsu a kan hanya ta farko, domin ita ce rashinta ke bayyana nan take, alhali ɓarnar da ke kayar da katanga ko ta shigo da cuta daga hanya ta biyu ta fi fitowa. Kula da hanyoyin biyu yana bin zagayowar shekara, daga bazara a watannin Maris zuwa Mayu, zuwa damina wadda ke kankama daga Yuni ta kai ƙoli a Agusta, sannan kaka, sannan hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma ƙa'idar ita ce a kammala aikin kowane yanayi kafin yanayin ya shigo. Shawarar da ake samu a rubuce-rubucen ƙasashen sanyi game da daskarewar ruwa a cikin bututu ba ta da gurbi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda abokan gabar bututu su ne zafin rana da ƙura da ruwan sama mai sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci.

Matakin farko shi ne maigida da sauran manyan gidan su san inda bawul yake, wato makullin da ke tsayar da ruwa gaba ɗaya, wanda galibi ake ɗaura shi a ƙarƙashin tanki ko a inda layin hukuma ya shigo gida. Ana so a riƙa rufe shi ana buɗewa ko da sau ɗaya a wata, saboda bawul ɗin da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan cije a daidai ranar da bututu ya fashe. Bayan haka sai a gwada ko akwai yoyo a ɓoye, kuma gwajin ba ya buƙatar na'ura: a cika tanki da dare, a yi alama a inda ruwan ya tsaya, a rufe dukkan kawunan famfo, sannan a duba da asuba kafin kowa ya ɗebi ruwan alwala. Idan ruwan ya sauka daga alamar, sai a maimaita gwajin a dare na biyu bayan an rufe bawul ɗin ƙarƙashin tanki, domin in ya sake sauka to tankin ne ya huje, in kuwa ya tsaya to matsalar tana cikin bututun da aka binne a ƙasa ko a bango, ko a ƙaramin tankin masai. Danshin da ba ya bushewa a gindin bango, da fentin da ke kumbura yana ɓarewa, da ciyawar da ta yi kore a wuri guda cikin rani, su ne ke nuna inda za a tona.

Kan famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da ɗigo 86,400 a kwana guda, abin da ke iya kusan cika jarka, kuma wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya san kuɗin jarka. Gyaransa ya danganta da irinsa. Tsohon samfuri, wanda ake murɗawa sau da yawa kafin ya rufe, yana da wosha a ciki, wato ƙaramar robar da ke danne mafitar ruwa, kuma ita ce ke cinyewa. Sai a rufe bawul, a buɗe famfon ya tsiyaye, a kwance kansa da sifana, a cire robar a tafi da ita kasuwa domin a samo daidai girmanta, sannan a mayar. Samfurin da ke rufewa da ɗan juyi kaɗan kuwa ba shi da irin wannan roba, saboda haka in ya fara ɗiga ana canza cikinsa ko a canza shi ɗungurungum. Wajen ɗaura sabo ana naɗa farin tef a kan zaren bututun ta ɓangaren da za a murɗa famfon, domin in aka naɗa shi a baibai zai warware yayin ɗaurawa, kuma ba a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, saboda mahaɗin roba yakan tsage daga ciki ba tare da an gani ba sai bayan kwanaki. Idan farin bututun roba ne ya fashe, ana yanke wurin da ya lalace, a bar bakunan biyu su bushe sarai, a goge su da sanfefa, a shafa gam a bututun da kuma cikin mahaɗin, a cusa a riƙe na ɗan lokaci, sannan a jira tsawon lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin gam ɗin kafin a saki ruwa. Bututun da ake narka bakinsa da na'ura mai zafi, wanda galibi kore ne, gam ba ya kama shi, don haka aikin mai gyaran famfo ne.

Akwai yoyon da ya fi na kan famfo asara amma ba a jin ƙararsa, shi ne na ƙaramin tankin da ke bayan masai na zamani. Hanyar gano shi ita ce a ɗiga bula, wato shuɗin garin wanki, a cikin tankin, a hana kowa kora ruwa na kimanin rabin awa, sannan a leƙa cikin kaskon. In ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, to robar da ke toshe ƙasan tankin ta lalace kuma ruwa na sulalewa dare da rana. Asarar a nan biyu ce, domin ruwan da aka biya kuɗin wuta ko fetur aka ɗora shi ne kuma yake zuwa ya cika sokawe kafin lokacinsa.

Wankin babban tanki ana yin sa aƙalla sau biyu a shekara, kuma lokutan da suka fi dacewa su ne ƙarshen hunturu, bayan ƙura ta gama sauka, da ƙarshen damina, bayan ruwan rijiya ya gama zuwa da laka. Da farko a kashe wutar injin ɗora ruwa, a rufe bawul ɗin da ke kai ruwa cikin gida domin kada daudar ta bi bututu ta toshe kawunan famfo, sannan a zubar da ruwan ta mafitar ƙasa. A goge bango da gindin tankin da buroshi mai dogon mariƙi daga waje, a kwashe lakar da ta kwanta, a ɗauraye har sai ruwan ya fito garau. Sai kashe ƙwayoyin cuta da bilic na wanki marar turare: mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ana zuba lita 1 a kowace lita 1,000 ta ruwa, mai kashi 3.5 kuwa kimanin lita ɗaya da rabi, kuma ƙarfin yana rubuce a jikin robar. A cika tankin, a buɗe bawul da kowane famfo har sai an ji warin bilic, a rufe, a bar shi kwana guda, sannan a zubar da ruwan duka a ɗauraye. Wannan ruwa ba na sha ba ne, ba na girki ba ne, kuma ba a kora shi cikin sokawe ko kan shuka. Ba a taɓa haɗa bilic da ruwan wankin masai mai asid, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba. In bayan an sake cikawa famfo ya riƙa tari yana fesar iska, to iska ce ta maƙale a bututu, kuma buɗe kawunan duka a lokaci guda, daga na kusa da tanki zuwa na nesa, yakan kore ta.

Kafin a sauko daga wajen tanki ya kamata a duba murfinsa, a ɗaura raga a bakin bututun da ke zubar da rarar ruwa domin hana sauro da ƙadangaru shiga, a kuma duba ƙarafan da yake zaune a kai. Lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan guda ne, saboda haka tsatsar da ta ci ƙafar hasumiya a inda ta haɗu da siminti ba abin a ɗage wa baɗi ba ce, musamman da yake iskar farkon damina ce ke fara jarraba ta.

A bazara ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja da baya, kuma a lokacin ne injin burtsatse, wanda masu sana'ar ke kira sumo, ya fi ƙonewa, domin ruwan da yake ja shi ne ke sanyaya shi. Da zarar ruwa ya fara zuwa yana yankewa ko yana tafe da yashi, sai a kashe injin a ba rijiyar lokaci ta tara, a riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan maimakon a bar shi yana aiki babu mai lura. Farin bututun da ke shimfiɗe a rana kuma yakan ƙeƙashe ya koma mai saurin karyewa, don haka a binne shi ko a shafa masa fenti mai haske.

Aiki mafi nauyi a shekara shi ne na watan Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwan farko, kuma hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara yana taimakawa wajen tsara shi. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna girman al'amarin: milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce, saboda haka rufi mai murabba'in mita 100 yana sauke lita 5,000 a ruwa guda mai milimita 50, kuma dole wannan ruwa ya sami hanyar fita cikin awa ɗaya ko biyu. A rufin kwano ana duba ƙusoshin da suka ɗago da wuraren da tsatsa ta ci, a share ganye da ƙasar da hunturu ya tara a kwarin rufi. A ginin ƙasa kuwa ana sabunta yaɓen soro da kan katanga, wanda magina na gargajiya ke ƙarfafawa da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, sannan a tabbata indararo ya fito da tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma daɓe ko a jera duwatsu a inda ruwan ke faɗuwa, domin zaizayar gindi ce ke kayar da ginin ƙasa fiye da ruwan da ke dukansa daga sama. Daga nan sai tsakar gida: a kwara bokitin ruwa a kusurwa mafi nisa a bi shi da ido, in ya tafi rariya kai tsaye to gangaren yana nan, in ya kwanta a wani wuri sai a cike wurin. Kwatar ƙofar gida a yashe ta har ƙasa, kuma a kwashe abin da aka fitar a ranar, saboda tulin yashi da leda da ake bari a bakin kwata ruwan farko ne ke mayar da shi ciki. Yashe kwatar gida ɗaya ba ya amfani in ta maƙwabci na ƙasa a toshe take, shi ya sa wannan aiki ya fi kyau a yi shi gayya tare da mutanen layi da sanin mai unguwa.

Sokawe ma kafin damina ake duba shi. A tsarin da aka gina daidai ramuka biyu ne, na farko mai siminti inda ƙazanta ke kwanciya ƙwayoyin halitta suna narkar da ita, na biyu kuma marar daɓe inda ruwan ke tsotsewa cikin ƙasa. Idan abin da ya kwanta ya haura sulusin zurfin ramin farko, ko masai ya fara jinkirin wucewa, sai a kira motar kwasa tun ƙasa na bushe, domin a Agusta ƙasar ta ƙoshi kuma ramin da ya cika cikin gida yake amayarwa. Al'adar zuba baƙin mai ko kananzir don kashe wari kuskure ce, saboda tana kashe halittun da ke narkar da ƙazantar kuma tana gurɓata ruwan ƙasa, haka nan leda da audugar mata da ƙunzugun yara ba su da wuri a ciki. Tazarar da ake so tsakanin ramin masai da rijiya ita ce mita 30, abin da filayen cikin birni ba kasafai suke bayarwa ba, kuma da yake tun ran gini ran zane, wanda ya riga ya gina kusa sai ya ɗaga bakin rijiyarsa, ya daɓe kewayenta da siminti mai gangara waje, ya rufe ta, ya kuma tafasa ruwan sha ko ya sa masa maganin tsarkakewa, musamman a damina lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Cikin damina aikin sa ido ne: a zagaya gida bayan kowane babban ruwa, a yi alama da alli a inda silin ko bango ya jiƙe, a kife gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, tunda sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kimanin mako guda zuwa kwana goma. Wuraren da aka yi wa alama su ake gyarawa da kaka, bayan bango ya bushe. Duk simintin da aka yi a hunturu yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na tsawon mako guda, domin busasshiyar iska tana shanye danshinsa kafin ya yi ƙarfi. Ita dai wannan iska ce ke busar da ɗan ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututun ƙarƙashin masai da mazubar banɗaki, wanda shi ke tare wari da kyankyasai, saboda haka banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba a riƙa kwara masa ruwa duk mako.

Mafi yawan waɗannan ayyuka mutanen gida na iya yin su da sifana da buroshi da shebur, amma taɓa wayar injin ruwa da walda a hasumiyar tanki na masu sana'a ne. Shiga ramin sokawe ko tsohuwar rijiya kuwa ba a yarda a tura yaro ko ɗan aiki ya yi shi ba ko da abu mai tsada ne ya faɗa, domin iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya bi shi domin ceto shi ne mamaci na biyu.