Darasin Wata: Yaron da Allura Ta Gagara

Gabatarwa

Darasinmu na wannan wata daga cikin birni muka ɗauko shi. Kwanakin baya mun shiga unguwar Kusfa, a cikin ganuwar Zariya, muna neman mai ɗinkin hannu da zai yi wa wata rigar Misa aiki a wuya da ƙirji. Kowa ya san birnin Zazzau da wannan sana'a. In ka ratsa lunguna da hantsi za ka tarar da maza a zaure ko a gindin katanga, kowa da ƙyallensa bisa gwiwa, wani yana cika aska biyu, wani aska takwas, wani yana zagaya tambari.

Mai zauren da muka sauka dattijo ne Musulmi, mai fara'a. Ya shimfiɗa mana tabarma, muka gaisa. Yara huɗu ne ke koyon aiki a gabansa. Uku allura na gudu a hannunsu, na huɗun kuwa, wanda ba zai wuce shekara 12 ba, ya daɗe yana neman kafar allura da zare bai dace ba. Da aka aike shi ya kawo mana ruwa, ƙafarsa ta bugi dokin ƙofa, rabin kwanon ya zube.

Mun zaci za a daka masa tsawa, amma dattijon ko murya bai ɗaga ba. Ya gaya mana cewa jikansa ne, kuma ya yi shekara biyu yana dukansa a kan allura kafin ya gane cewa kan yaron ya san aikin sarai, hannun ne ba ya jin kira. Yanzu shi ke zaɓo musu zare a kasuwa, shi ke riƙe lissafin masu kawo ɗinki, kuma bai taɓa yin kuskure ba.

Muka fito muna jin kunya, domin mun tuna da yaran da muka sallama daga hidimar bagade saboda sun kayar da kyandir, da waɗanda ake kira gaɓo ko shashasha a gidajenmu. Saboda su muka shirya wannan darasi.

1. Yadda motsi ke haɗuwa

Ɗauko ruwa daga randa zuwa zaure ba ma lissafa shi cikin aiki, amma ma'aikata da yawa ne ke haɗuwa a kansa. Ido yana auna nisa. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa ko kai ya karkata. Jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi suna aika labarin inda hannu da ƙafa suke, ko da mutum ya rufe ido. A wajen ƙeya kuma akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke daidaita lokaci da ƙarfin kowane motsi, kamar yadda makaɗin gayya ke sa fartanyoyi su sauka tare. In saƙo ya yi jinkiri tsakanin waɗannan ma'aikata, ko ya iso a hargitse, sai hannu ya wuce inda aka nufa, ko ya damƙi abu da ƙarfin da ya yi yawa, ko ƙafa ta makara wajen tsallake kwata.

2. Larurar da ba ta da tabo

Akwai yaran da ake haifa lafiya, ba su shanye ba, hankalinsu garau, amma koyon duk wani aikin hannu ko ƙafa yana ba su wuya fiye da tsararrakinsu. A 1987 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan cikin jerin larurorin da ta amince da su. A 1994 masana suka taru a garin Landan na ƙasar Kanada, suka daidaita a kan suna guda, wanda ma'anarsa ita ce matsalar daidaita motsi da ake tasowa da ita. A Ingila an fi saninta da sunan disfiraksiya.

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa yara 5 zuwa 6 cikin 100 da suka isa makaranta suna da ita. Ke nan a aji mai yara 40 ba za a rasa kamar biyu ba. An fi ganinta ga maza, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba nauyi. Likitoci ba su cika tabbatar da ita ba kafin yaro ya kai shekara 5, domin ƙananan yara kowa da saurin girmansa. Ba ta taɓa basira, ba a ɗaukarta a jikin wani, kuma da yawa suna girma da ita har su manyanta.

Ga yadda take bayyana a rayuwar yau da kullum. Da safe maɓallin riga da igiyar takalmi sukan cinye wa yaro lokaci har ya makara. A makaranta yakan danne fensir har ya karye, rubutunsa ya hau ya sauka, a goge allo bai gama kwafa ba, alhali in an tambaye shi da baki ya san amsa. A filin ƙwallo shi ake zaɓa a ƙarshe. Wajen cin tuwo miya ta ɓata masa riga. Yarinya kuwa tulu ba ya zama a kanta ko da gammo, wuƙa ta yanke ta wajen yanka kuɓewa, a ce ba za ta yi zaman aure ba. Babba yakan sha wuya wajen koyon keke ko babur, da tsallaka titi mai cunkoso, domin auna gudun abin hawa yana yi masa nauyi. Da damina, lunguna irin na birni, masu santsi da kwata, sukan zame masa abin fargaba.

Zubar da ruwa ƙaramar hasara ce. Babbar hasarar ita ce abin da tsawa da dariya ke shukawa a zuciya. Yaron da ya ji sau dubu cewa ba ya iya komai yakan daina gwadawa, ya janye daga wasa, ya ƙi makaranta, ya girma cikin tsoro da baƙin ciki.

Mu lura kuma: bahago ba mai larura ba ne. Tilasta wa bahago rubutu da dama yana iya sa shi ya yi kama da mai wannan matsala.

3. Sauran dalilai

Ba duk rashin daidaiton motsi ne ke fitowa daga tushe ɗaya ba. A ƙasarmu yara da yawa suna samun rauni a ƙwaƙwalwa ta dalilin doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Irin wannan rauni yakan sa gaɓoɓi su sandare ko su riƙa motsi ba da nufi ba. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta bar wasu da kurumta ko raunin jiki. Shan inna ma ta bar mana guragu da yawa. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Borno a 2016, kuma a watan Agusta 2020 aka tabbatar an kawar da ita daga Afirka, amma allurar rigakafi tana nan wajibi a kan kowane yaro.

Ga manya kuwa akwai shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, da ciwon sukari da ke kashe jin tafin ƙafa, da yawan shan giya da ke lalata ƙaramar ƙwaƙwalwa, da cutar Parkinson mai sa karkarwa, da kuturta mai kashe jijiyoyin hannu. Kuturta tana warkewa da magani, kuma muna da cibiyarta ta ƙasa a nan Saye, kusa da mu.

Abubuwa uku ba sa jiran gobe. Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi rawaya, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shanya shi a rana, kuma a nisanta kafur daga kayansa, domin yana fasa jinin wasu jarirai. Yaron da ya iya tafiya ko riƙe cokali sannan ya fara rasa iyawar, likita ya gan shi. Babban da bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya da shi nan take. A cikin birni akwai asibitin yara na Banzazzau da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. A Shika kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake samun likitocin yara da masu gashin ƙashi.

Muna roƙonku da babbar murya ku bar cewa wane ɗan ruwa ne, ko an yi masa sammu, ko alhakin iyaye ne ya kama shi. Irin wannan magana tana cinye kuɗin da ya kamata a kai asibiti, tana raba zumunta, kuma uwa ce ke shan dukanta.

4. Abin da za mu yi a gida da makaranta

Babu ƙwayar magani da ke kawar da matsalar da ake tasowa da ita. Abin da ke aiki shi ne koyarwa cikin haƙuri, a kan ainihin aikin da yaro ke bukata. Wasu masana a Kanada, Helene Polatajko da Angela Mandich, sun tsara wata hanya mai matakai huɗu wadda kowace uwa za ta iya riƙewa: yaro ya faɗi abin da yake so ya iya, ya tsara da bakinsa yadda zai yi, ya yi, sannan ya duba ko tsarin ya yi aiki. In bai yi ba, tsarin ake gyarawa, ba a zagin mai yi.

A zaɓi aiki ɗaya a lokaci ɗaya, a raba shi gida-gida. Mai koyon sa maɓalli ya fara da babban maɓalli, rigar tana shimfiɗe a gabansa, kafin ya gwada a jikinsa. Minti 10 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar, gama yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. A sauƙaƙa kayan aiki: a naɗa ƙyalle a jikin fensir ya yi kauri, a ba shi kofi mai mariƙi a cika shi rabi, a saya masa takalmi marar igiya da wando mai roba, a ba yarinya ƙaramin bokiti mai murfi. Ya zauna ƙafafunsa suna taka ƙasa sa'ad da yake rubutu ko cin abinci. Aikin wuƙa da tafasasshen ruwa da murhu a yi shi a zaune, babba na kusa, har hannu ya saba.

Malaman makarantunmu su ba irin wannan yaro ƙarin lokaci, su rage masa yawan kwafa, su gwada saninsa da baki. Sannan mu yi koyi da dattijon Kusfa, mu nemo abin da yaron ya fi kowa iyawa, ko lissafi ne, ko waƙa, ko riƙe labari, ko iya magana da mutane, mu ɗora shi a kai.

5. A cikin coci

Waɗanda suka je Kaduna a watan Fabrairu 1982 sun ga Paparoma John Paul na Biyu da ƙarfinsa. Da ya dawo Nijeriya a watan Maris 1998, hannunsa na hagu yana karkarwa, tafiyarsa ta yi nauyi. Bai ɓoye hannun ba, kuma ya ci gaba da hidima har rasuwarsa a 2005. In Ikklisiya ta karɓi albarka daga hannu mai rawa, da wane dalili za mu kori yaro daga bagade don kyandir ya faɗi?

Katikis da shugabannin masu hidima su ba shi abin da zai iya: buga ƙararrawa, karatu, jan waƙa, marabtar baƙi. Wanda hannunsa ke rawa yana iya karɓar Jibi Mai Tsarki a harshe, kuma kada a gaggauta shi a layi. Kwamitin coci su duba matakalar shiga, su sa abin dafawa, su yi gangare. Wannan ma doka ce, domin a watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta umarci a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Zumuntar Mata kuwa su riƙa ziyartar uwar da ke renon irin wannan yaro, su karɓe ta ranar asibiti, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne sunaye muke kiran yaro mai yawan zubar da abu a gidajenmu, kuma me suke yi wa zuciyarsa?
2. Yaya za mu bambanta ragwanci da gazawar hannu?
3. Waɗanne alamu uku ne ke bukatar asibiti nan take?
4. Wa muka taɓa cirewa daga wata hidima a cocinmu, wanda ya kamata mu je mu nemo shi a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka ba mu haƙuri da waɗanda hannunsu ya yi nauyi, ka tsare harshenmu daga yi musu ba'a, ka buɗe idonmu mu ga baiwar da ka ajiye a cikinsu. Ka saka wa maƙwabtanmu da suka koya mana wannan darasi da alheri. Amin.